Kyanwar da Na Sa a Kulle

Ba zan taɓa mantawa ba, ina zaune a zaure da hantsi ina gyara igiyar guga, Ummaru ƙanen matata ya yi sallama. Daga Dandin Mahe yake, can ƙasar Shagari, inda ita matar tawa, Hajo, ta tafi duba yayarta. Ya zauna, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, ya sake komawa kan gida. Da na ji yana maimaita gaisuwar da ya riga ya yi, sai na ajiye igiyar.

Ya ce, "Malam, sai haƙuri. Hajo ta riga mu da asuba. Kai aka jira."

Na yi salati, na shiga ciki in shirya. Na sa riga, na sa hula, har na kai bakin ƙofa, sai na tsinci kaina na tsaya ina ɗaga gefen rigar ina duba ƙafafuna, don in tabbatar dogon wando ne a jikina. Allah ya gafarta mini, a cikin wannan hali saura kaɗan in yi dariya. Tun farkon aurenmu ban taɓa kama hanyar Dandin Mahe ba sai na yi wannan dubawar. Hajo ce kan tsaya a bayana tana kallo, ta ce in duba da kyau.

Dalilin wannan duba shi ne zan faɗa. Ita ce ta fi ni iya ba da labarin, amma yanzu ni kaɗai na rage.

Shekarar da aka sami 'yancin kai, na gama ɗan horon da aka yi mana a Sakkwato, aka turo ni Bodinga a matsayin duba-gari. Aikina in shiga gidaje in leƙa randa ko akwai tsutsa, in duba makwarara da masai, in ce a share nan a cike can. Kayan aikin kuwa taguwar kaki ce da gajeren wando da doguwar safa. (Matan garin ba su ƙaunace ni ba. Wata tsohuwa takan zauna a kan murfin randarta in ta ji sallamata.)

Daga Sakkwato na zo da abu biyu: wannan kakin, da 'yar kyanwa. Matar wani Baturen likita ce take shirin komawa ƙasarsu, kyanwarta ta haihu, kukun gidan ya ba ni ɗaya. A gidan nan na ga kyanwa ba ta taka waje. Tagogi duk da raga, tana kwance a kan kujera kamar mai gidan. Na ce a raina, ashe haka ci gaba yake. Na sa mata suna Gimbiya.

Kada a ce duk girman kai ne. A aikina na sha sa a fito da mushen kyanwa daga rijiya, a kwashe ruwan kaf. Na ga wadda karnuka suka yaga a bayan mahauta. Na yi niyyar tawa ba za ta ƙare haka ba. Na sayi siminti na toshe duk wani rami a ɗakin, na sa raga a taga, na ajiye mata kaskon yashi a lungu. Nono daga wurin Fulani, busasshen kifi ranar kasuwa. Kullum da safe, ni da ke hukunta masan mutane, ni ne ke fita da kaskon kyanwa a hannu ina waige-waige.

A wannan hali na ga Hajo a bikin wani abokina, na tura kawuna neman aure. Mahaifinta, Malam Bello, manomin gero ne da albasa, mutum mai ƙarancin magana. Kawu ya ce da ya faɗi aikina, tsohon ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Yaron da duk Bodinga ta san gwiwoyinai?" A wurinsa namiji baligi ba ya yawo da gwiwa a waje, ko da Gwamna ne ya sa shi. An yi ta kai da komo. Daga ƙarshe ya yarda, bisa sharaɗi guda: aikin gwamnati can Bodinga, amma shi idonsa kada ya taɓa ganin gwiwar surukinsa. Kawu ya ɗauki alkawari a madadina. Ya kuma ja mini kunne cewa tsohon ba ya maimaita magana, in na saɓa, zai iya cewa 'yarsa ta zauna gida ta huta, kuma irin wannan hutu ba a san ranar ƙarewarsa ba.

Da Hajo ta tare, ta tarar da Gimbiya a kan gado, ta yi ƙiba har wuyanta ya ɓace. Ta dube ta, ta dubi kaskon yashi, ta dube ni. Washegari, da ta buɗe ƙofa za ta yi shara na yi tsalle na rufe.

Ta ce, "Malam, wanga irin kulle ko matar alƙali ba a yi mata shi."

Mussa take ce mata, yadda muke faɗa a nan. Ta ce a garinsu mussa ba ta kowa ba ce. Ta ci a wannan gida, ta kwana a wancan, ta haihu a rumbun na gaba, kowa ya ce tasa ce. Ta tuna mini da abin da malamai ke faɗa game da matar da ta tsare kyanwa har ta mutu. Na ce waccan ba ta ciyar da ita ba ne, ni kuwa ga nono ga kifi. Ta ce to, abinci dai. Ba a daɗe ba magana ta zaga unguwa cewa duba-gari matarsa na zuwa rijiya, mussarsa na kulle. (Na yi zargin daga ɗakina maganar ta fita, amma ban taɓa samun shaida ba.)

Bayan an gama kaka muka je Dandin Mahe gaisuwa. Wanda ya taɓa zama gaban suruki ya san yadda abin yake. Takalmi a waje, ka durƙusa nesa da tabarma, kai a ƙasa, ka gaishe shi, ya amsa, sannan shiru ya sauko ya zauna tsakaninku. Baba bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba in ban da amsa gaisuwa. Ranar ma Ummaru yake wa magana. Yana cewa ɓeraye sun shiga rumbun da aka ajiye iri, muzurun gidan kuwa ya bi mata ya shiga duniya, an kwana biyu ba a gan shi ba.

Da na yi shiru da na tashi da mutuncina. Amma na daɗe ina neman abin da zan yi wa tsohon nan ya dube ni da idon rahama. Sai na ji bakina yana cewa ai illar sakin kyanwa ke nan, ranar da ake nemanta ba ta nan. Na ce ni ina da wata, jinin gidan Bature, mai tarbiyya, tun da na same ta ko kashin ɓera ban taɓa gani a ɗakina ba. (Wannan gaskiya ce. Simintin ne ban ambata ba.)

Baba ya ɗago ido, karo na farko, ya ce, "To, a ara muna ita."

A hanyar komawa Hajo ta tambaye ni, a hankali, ko Gimbiya ta taɓa ganin ɓera da idonta. Na ce jini ba ya bukatar makaranta. Ta ce haka ne. Ana gobe zan kai ta, Hajo ta bi motar kasuwa ta riga ni tafiya. Ta ce tana so ta sami wurin zama mai kyau. A lokacin ban gane ba.

Ranar na fita aiki da safe, na dawo a makare. Dogon wandona na biki, sarƙar keke ta riga ta taɓa cin bakinsa, ban so ta ƙara ba. Na yi tunani: babbar rigar aurena tana sauka har idon sawu, wa zai san abin da ke ƙasa? Na tuɓe safa, na zura rigar a kan kaki, na sa Gimbiya a kwando mai murfi na ɗaure a bayan keke. Tun daga Bodinga take kuka, irin kukan da ban taɓa ji ba, har masu jakuna suna tsayawa su tambaye ni ko lafiya. Da na hango garin na sauka, na saki rigar ta rufe ni, na shiga ina tura keke kamar mutumin kirki.

Ashe labari ya riga ni. Dattawan unguwa suna zaune a inuwa kusa da rumbun, har da liman. Bayan zana kuwa, duk inda akwai 'yar kafa akwai ido a ciki. Kowa ya zo ganin mussar Bature.

Yadda suke yi a can, in ɓera ya addabi rumbu, sai a ɗage jinkar da ke rufe bakinsa a sama, a saukar da kyanwa ciki da ɗan kwanon ruwa, a mayar a rufe. In an kwana biyu sai a buɗe, ta fito cikinta cike, ɓeraye sun ƙare. An riga an jingina tsani. Ummaru ya miƙo hannu ya ce in kawo ya hau da ita. Na ce a'a, hannuna kaɗai ta sani.

Sai da na taka matakin farko na tuna cewa mai hawa tsani, na ƙasa suna ganin abin da ke cikin rigarsa. Na tattara rigar na matse tsakanin ƙafafu, kyanwa a hannu guda, ɗaya hannun a tsani, na riƙa hawa kamar amarya mai ciwon baya. Na ji wani dattijo yana cewa 'yan boko komai nasu da natsuwa.

Na kai bakin rumbu, na sunkuya na ajiye ta a kan dammunan gero. Ta tsaya tana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kamar an ɗora ta a kan ƙaya. Daga ƙasa ana tambaya, ta kama? Na ce tana nazari tukuna.

Sai ga shi ya fito daga tsakanin zangarniya. Ba gafiya ba ce, da na sami abin faɗa. Ɗan ɓera ne da bai fi babban yatsana ba. Ya dube ta, ya ci gaba da cin geronsa. Ita ma ta dube shi, gashin bayanta ya miƙe. Na ce a raina, yauwa, jini ya motsa. Ɓeran ya matso taku kaɗan, ina jin don ya ga ko wace ce baƙuwar.

Gimbiya ta yi tsalle, amma ba wajensa ba. Ta faɗa ta wuyan rigata.

Na ji farata a ƙirji, na ji su a haƙarƙari, kafin in ankara ta zagaya baya tana neman wurin ɓuya. Ni, magidanci, ma'aikacin hukuma, na buɗe baki a gaban surukina na ce, "Wayyo Inna!" Ban san yadda na sauko ba. Ummaru ya ce ban taka ko mataki ɗaya ba. Na tsinci kaina a ƙasa ina juyi ina dukan bayana, rigar tana motsi ita kaɗai kamar mai iskoki, dattawa suna janye ƙafafu. Wani ya ce in tuɓe rigar kafin ta illata ni. Na kama rigar na fizge ta ta kai, na jefar.



Ga ni tsaye tsakiyar fili, hula a karkace, Gimbiya ta maƙale a kafaɗata tana rawar jiki, ga gajeren wandon kaki, ga gwiwoyi biyu sun yi furu-furu da ƙurar hanya. Baba yana zaune daidai gabana.

A nan ne na yi abin da ya fi komai muni. Jikina ya tuna ladabi kafin kaina ya tuna hankali, sai na tsuguna in ba da haƙuri. Wanda ya taɓa tsugunawa da gajeren wando ya san inda gwiwoyi ke zuwa. Suka taso gaba, suka tsaya suna kallon tsohon ido da ido. Na cire hula na rufe ta dama. Na ga ta hagu a fili, na mayar da hular can. Ina jin na yi haka ya fi sau ɗaya.

A raina na riga na ga kaina ina komawa Bodinga ni da kyanwa, ba Hajo. Na ga fuskar kawu. Na fara haɗa kalmomin da zan aika a ba da haƙuri da su.

Baba ya dube su, ya daɗe yana dubawa, kamar mai taya rago. Sannan ya ce, "To. Na gan su. Gwiwoyi na dai, irin na kowa." Ya juya wajen Ummaru ya ce, "Miƙa mishi rigatai. A ba baƙuwa ruwa, ta tsorata."

Ya tashi a hankali ya shiga zaure. Daga baya na gane don ya rufa mini asiri ne ya tashi, domin kafin ya kai ƙofa kafaɗunsa sun fara girgiza. Liman ya ja rawani ya rufe baki. Bayan zana kuwa ba wanda ya rufa wa kowa asiri. A cikin dariyar matan nan duka na tsinci ta Hajo, don ita in dariya ta ci ƙarfinta sai ta koma kamar shaƙuwa.

Da zan tafi na je sallama, na durƙusa, riga a ƙasa har tana share turɓaya. Baba ya ce alkawarin da kawuna ya ɗauka ya karye, shi ya yafe, amma kada in koma yi. Ya sa aka ɗaura mini albasa a keke, ya ce Hajo ta bi ni gobe. Wannan ce doguwar magana ta farko da ya taɓa yi mini, kuma daga ranar ya fara tambayata labarin aiki. Muzurunsu ya dawo cikin makon, kunne a yage, ya share rumbun ba tare da an tara masa dattawa ba. Ni kuma na sami suna. Har yau a Dandin Mahe ba wanda ya san ni da duba-gari, sai Mai Mussa.

Da Hajo ta dawo ba ta yi mini gori ba. Ta aro gizago a maƙwabta, ta miƙo mini, ta nuna ƙasan ƙyauren ɗaki. Na tsuguna na sassaƙe 'yar kafa daidai jikin kyanwa.

Gimbiya ta daɗe tana leƙe kafin ta fita. Fitarta ta farko ɗan tsako ya koro ta. Daga baya ta kawo fara, sannan ƙadangare, ranar da ta kawo ɓera kuwa Hajo ta ce a aika Dandin Mahe a sanar. Ta rame, ta yi tabo a hanci, ta haifi 'ya'ya da wani muzurun kasuwa wanda babu Bature ko ɗaya a danginsa. Ni kuwa kullum magariba ta yi sai in riƙa duban kafar nan har sai na ga kanta ya shigo. Wata damina ba ta shigo ba. Na duba rijiyoyi, na duba bayan mahauta, ban gan ta ba.

Na ce wa Hajo, kin gani ko? Ta ce ta gani, kuma ita ma ta yi kuka. Amma ta ce da ta mutu a kan gadona tana tsoron ɗan tsako, gara yadda ta yi. Mun yi ta wannan gardama shekara da shekaru, in hira ta ƙare mana sai mu ɗauko ta. Da tana ɗaki da ta fi haka daɗewa, wannan na tabbata. Ko da ta fi jin daɗi, wannan ban sani ba. Abin da na koya dai kaɗan ne: duk abin da ka ɓoye wa duniya, ranar da suka gamu cikin rigarka zai faɗo, saboda haka in za ka gidan surukai ka sa dogon wando.

Ba mu ƙara ajiye kyanwa ba, amma kafar ta zauna. Da muka tsufa Hajo ta fara cewa in toshe ta, kwaɗi na shigowa da damina, wata rana kunama ce za ta shigo. Kullum in ce gobe.

Wannan tafiyar tata ta ƙarshe ban so ta ba. Na ce zafi ya yi yawa, jikinta ba ƙwari, ta bari a yi ruwan farko. Tana ɗaura mayafi ta ce, "Malam, ni ba Gimbiya ba ta." Da ta kai ƙofa ta zunguri kafar da ƙafa, ta ce in ta dawo ta tarar na toshe.

A wurin zaman makoki wata tsohuwa ta sa aka kamo hannunta aka kawo ta inda nake. Tana cikin masu leƙe ta zana a wancan lokaci. Ta ce, "Mai Mussa, sai haƙuri." Ta yi addu'a mai tsawo, ta shafa. Da za ta juya sai na ga ta saci kallon ƙafafuna. Ni ma na duba.

Da na dawo Bodinga na sa kafinta ya yanko mini ɗan katako daidai wurin, na sayi ƙusa. Suna nan jingine a bayan ƙyaure. Har yanzu ban toshe kafar ba.